Ƙahon Rago Da Sanƙon Namiji

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Shanu ta nan Maiduguri ana gab da Babbar Salla ya ga ragunan Balami, farare fat, dogaye, masu doron hanci da manyan kunnuwa suna reto. A kan ko wane ƙosasshen rago akwai ƙaho, wani ya murɗe har ya yi gefe. Amma in ka juya wajen da a ke ɗaure tumaki mata, sai ka ga galibinsu kai sumul, ba ko tsiro. Haka abin ya ke ga Uda, mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari, haka kuma ga 'Yankasa, wanda ragonsu ke da geza a wuya da ƙirji, tunkiyar kuwa babu.

To, ga abin tambaya. Tunkiya ta haifi tagwaye, ɗaya namiji ɗaya mace. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha. Me ya sa ƙaho ya fito wa ɗaya ya ƙyale ɗaya? In yaro ya yi mana wannan tambaya a aji muka ce masa haka aka halicce su, ba mu yi ƙarya ba, amma kuwa ba mu koya masa kome ba, gama ya san wannan tun daga gida. Abin da ya kawo shi makaranta shi ne ya ji ta wace hanya abin ke faruwa.

Sai mu fara daga tushe. Jikin dabba da na mutum an gina shi ne da 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan ko wace ƙwaya akwai waɗansu 'yan zarurruka da masana ke kira kuromosom, mu kuwa a nan bari mu ce musu igiyoyin gado. A jikin igiyoyin nan a ke samun ƙwayoyin gado a jere, kamar duwatsun carbi, ko wace da aikinta. Igiyoyin biyu biyu su ke, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Mutum yana da 46, watau tagwaye 23, kuma sai cikin 1956 ne Tjio da Levan suka ƙidaya su daidai a ƙasar Suwidin. Tunkiya tana da 54, saniya tana da 60.

Tun da ya ke igiyoyin biyu biyu ne, ko wane hali yana da ƙwayar gado biyu, ta uba da ta uwa, kuma ba kullum su ke yarda da juna ba. Gregor Mendel ne ya fara gane wannan, da ya yi shekaru yana auratar da furannin wani irin wake a lambun gidan ibada a birnin Brno, ya buga abin da ya samu cikin 1866. Ya ga in ƙwayoyin biyu suka saɓa, ɗaya ta kan rinjayi ɗaya. Wadda aka rinjaya ba ta mutu ba, lafewa ta yi, tana iya fitowa ga jika.

Cikin igiyoyin nan tagwaye ɗaya ne kaɗai suka bambanta tsakanin namiji da mace. Mace tana da biyu iri ɗaya, ana rubuta su XX. Namiji yana da X ɗaya da wata 'yar guntuwa, Y. Uwa X kaɗai ta ke da ita ta bayar, uba ne ke ba da X ko Y, saboda haka mutumin da ke fushi da matarsa don tana haifa masa 'ya'ya mata, ba inda ya kamata ya kai ƙara ya kai ba. Sauran igiyoyin duka, tagwaye 22 ga mutum, 26 ga tunkiya, 29 ga saniya, iri ɗaya ne ga namiji da mace. Su ne otosom, ko mu ce igiyoyin tarayya.

Da jin haka, mai saurin hankali zai ce, ai magana ta ƙare, ƙwayar ƙaho tana kan Y, shi ya sa rago kaɗai ke da shi. Zato ne mai kyau, amma an gwada shi ya faɗi, kuma yadda ya faɗi ya isa a tsaya a duba.

A Ingila akwai irin tumaki da a ke kira Dorset, waɗanda rago da tunkiya duk suna da ƙaho. Akwai kuma Suffolk, waɗanda ba mai ƙaho cikinsu, ko rago. Wani malamin aikin gona na Jami'ar Kambirij, T. B. Wood, ya haɗa su barbara, ya ba da labarin abin da ya gani cikin 1905. 'Ya'yan da aka haifa, maza suka yi ƙaho, mata ba su yi ba. Kuma ko ta wane gefe aka yi haɗin, haka ya ke fitowa. Yanzu mu bi shi a hankali. In uban Suffolk ne marar ƙaho, uwar kuwa Dorset, ɗan ragon ya karɓi Y ɗinsa daga uba marar ƙaho, duk da haka ya yi ƙaho. Ashe ƙwayar ba ta kan Y. In kuwa uban ne Dorset, uwar Suffolk, ɗan ragon ya karɓi X ɗinsa guda ɗaya tak daga uwa marar ƙaho, duk da haka ya yi ƙaho. Ashe ba ta kan X. Ina ya rage? Sai igiyoyin tarayya. Watau ɗan ragon da ƙanwarsa ƙwayoyin ƙaho iri ɗaya su ke ɗauke da su, a jikinsa sun yi magana, a jikinta sun yi shiru.

A kan allo ana iya nuna shi da haruffa biyu. Mu sa Ƙ a madadin ƙwayar ƙaho, B a madadin ta babu. Dorset ƘƘ ne, Suffolk BB. Duk 'ya'yansu ƘB ne. Mai ƘƘ yana da ƙaho ko namiji ne ko mace, mai BB ba shi da shi ko namiji ne ko mace. Rigima tana ga ƘB: a jikin rago Ƙ ce ke rinjaye, a jikin tunkiya B ce. In aka haɗa ƘB da ƘB, bisa ga lissafi cikin 'ya'ya huɗu za a sami ƘƘ ɗaya, ƘB biyu, BB ɗaya. Saboda haka cikin raguna huɗu uku za su yi ƙaho, cikin tumaki mata huɗu ɗaya ce kaɗai za ta yi. Ka ga rinjayen da Mendel ya faɗa ba sarautar gado ba ce da ƙwaya ke riƙe da ita ko ina. Ya danganta ga jikin da ta sami kanta a ciki.

Masana na baya sun gano babbar ƙwayar da ke kula da ƙahon tumaki. Sunanta RXFP2, tana kan igiya ta 10, an kuwa tabbatar da ita cikin 2011 a jikin waɗansu tumakin daji na tsibirin St Kilda a Sikotilan. Ba ita kaɗai ke aikin ba, musamman ga irin tumakin da ƙaho ke bin jinsi kamar namu, amma dai tana inda lissafin Wood ya nuna, kan igiyar tarayya.

To, ta yaya ƙwayar da ke cikin fatar kai ta san jikin rago ta ke ko na tunkiya? Makiyaya sun daɗe da riƙe rabin amsar a hannunsu. Ko wane mai kiwo ya sani in aka dandaƙe bunsuru yana ƙarami ya zama taure, warinsa ya tafi, faɗansa ya ragu, ya yi kitse. In aka fiɗiye ɗan maraƙi, ba ya yin wuyan bijimi, ya kan yi sanyin hali har a ɗora masa kaya ko a ɗaura masa garma. Ba a taɓa ƙwayoyin gadonsa ba, maraina kaɗai aka taɓa, amma jiki duka ya sāke.

Wanda ya fara nuna dalili shi ne Arnold Berthold, a birnin Göttingen na Jamus, cikin 1849. Ya sami 'yan zakaru shida. Biyu ya cire musu maraina duka, suka tashi ba cara, ba faɗa, zankon kansu ya ƙanƙance ya koɗe. Biyu ya bar musu guda guda, suka zama zakaru sosai. Biyun ƙarshe ya cire musu duka, sa'an nan ya ɗauki na wannan ya dasa a cikin cikin wancan, can kusa da hanji. Sai ga su suna cara, suna bin kaji, suna faɗa. Da ya buɗe su daga baya, ya tarar abin da ya dasa ya kama, hanyoyin jini sun shige shi, amma ba wata jijiyar saƙo da ta haɗa shi da sauran jiki. Ya ce lalle wani abu ne ke fita daga maraina ya bi jini. Abin nan shi ne a ke kira homon. Na maza, testosteron, sai cikin 1935 aka tace shi a Amsterdam, a shekarar kuma Butenandt da Ruzicka suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Babban na mata shi ne estirojin, wanda ke fitowa daga mabuɓɓugar ƙwai.

An kuma gwada abin ga tumaki. A arewacin Ingila akwai irin da a ke kira Herdwick, waɗanda suka fi kama da Balami da Uda, gama raguna ke da ƙaho, mata babu. Marshall da Hammond sun ba da labari cikin 1914 cewa in aka fiɗiye ɗan rago, ƙahonsa ya kan tsaya inda ya ke, ba ya ƙara tsawo. Amma in aka cire wa tunkiya mabuɓɓugar ƙwai, ƙaho ba ya fito mata. Watau ba homon na mata ne ke hana ƙaho ba, na maza ne ke kiransa.

Ga yadda kiran ke tafiya. Homon ɗan aike ne, jini ne hanyarsa, yana kuwa zaga ko wane lungu na jiki. Amma ba ko wane gida ne ke buɗe masa ƙofa ba. Sai ƙwayar jikin da ke da wani abu a cikinta mai kama shi, kamar yadda kwaɗo ke karɓar mabuɗinsa kaɗai. In ya shiga aka kama shi, su biyun su kan tafi su zauna a kan igiyar gado, su buɗe waɗansu ƙwayoyin gado su kama aiki, su rufe waɗansu. Saboda haka abu uku ne sai sun haɗu: ƙwayar gado, da ɗan aike, da mai karɓarsa. In ɗaya ya ɓace ba a ganin halin. Ragon Suffolk yana da testosteron kamar ko wane rago, amma ba shi da ƙwayar ƙaho. Tunkiyar Balami tana da ƙwayoyin, ɗan aike ne bai zo da ƙarfi ba. Na ce da ƙarfi, domin kada mu gaya wa yara wai mace ba ta da testosteron sam, ko namiji ba shi da estirojin. Ko wanne yana da duka biyu, yawan ne ya bambanta. A jinin namiji baligi testosteron ya ninka na mace sau goma ko fiye.

Kada kuma mu ɗauki dokar tumaki mu ɗora wa shanu. Shanun Kuri na Tabkin Cadi, masu kumburarren ƙahon nan, sa da saniya duk suna da shi, haka Wadara na Larabawan Shuwa. Har ma san da aka fiɗiye ƙahonsa ya kan fi na bijimi tsawo, sai dai bai kai shi kauri ba. Ko wace dabba da yadda ƙwayoyinta ke amsa kira.

A wajen shanu, inda wannan ilmi ke da kuɗi a ciki shi ne nono. Bijimi ba ya ba da ko cokali ɗaya har ya mutu, amma rabin ƙwayoyin gadon da ke sa karsana ta zama mai cika ƙwarya daga wajensa su ke. Suna kan igiyoyin tarayya, yana ɗauke da su cif, homon ɗin da zai gina hantsa ya kawo nono ne babu a jikinsa. Irin wannan hali, wanda jinsi ɗaya kaɗai ke nunawa ko da me ɗayan ya gada, shi a ke kira halin da jinsi ya tsare. Irin na ƘB kuwa, wanda ke iya fitowa ga duka biyu amma ya fi saurin fitowa ga ɗaya, shi ne halin da jinsi ya karkatar. Saniya guda 'ya'ya kaɗan za ta haifa duk ranta, bijimi guda kuwa yana iya zama uban garke duka. Mai zaɓen bijimi don girman tozo da kyaun tafiya kaɗai ya zaɓi abin da ido ke gani ya bar abin da ke ɓoye. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne nonon uwar bijimin, da na 'yan'uwansa mata, in kuwa ya riga ya haihu, da na 'ya'yansa. Da wannan hanya ce aka kyautata shanun madara na Turai, kuma dalilin ke nan da ya sa a Shika kusa da Zariya, da Vom, aka yi ta haɗa bijiman Friesian da shanun Bunaji.

Akwai wani abu da ke damuna game da ragunanmu. Wanda ya fi saurin girma shi a ke fara ɗaurewa a turke, a ba shi dusa da harawa, a kai shi kasuwa da Salla. Wanda ba mai saye ya so, shi ke saura cikin garke yana barbara. In aka yi haka shekara da shekaru, mun yanka iri mai kyau mun bar na baya ya yaɗu. Malamin ƙauye da ya iya sa mai garke ya keɓe rago guda nagari ya bar shi shekara biyu kafin ya sayar, ya yi aikin da ya fi darasi goma a kan allo.

Kaji kuwa nasu a juye ya ke. Dogon gashin wutsiya da na wuya mai sheƙi da mu ke gani ga zakara, shi ne gashin da ko wace kaza za ta yi in ba a hana ta ba, estirojin ne ke hana ta. Kaza mabuɓɓugar ƙwai ɗaya ce ke mata aiki, ta hagu. In ciwo ya lalata ta, sai ka ga tsohuwar kaza ta daina ƙwai, ta sāke gashi irin na zakara, zankonta ya girma, wata har ta yi cara. Mutane su kan tsorata da irin wannan kaza. Ba wani abin tsoro, ciwo ne ya kashe ɗan aike guda.

Yanzu sai mu zo kan mutum, mu ɗauki sanƙo. A makarantar mishan inda na yi firamare, can ƙasar Biu, an karanta mana labarin Annabi Elisha da yaran da suka bi shi suna masa ba'a saboda sanƙonsa, wanda ke nuna yara sun daɗe da wannan hali. Bayanin da a ke bayarwa ma ya yi yawa: wani ya ce hula ce, wani ya ce ɗaukar kaya a ka, wani ya ce alamar arziki ce, wannan na ƙarshe kuwa na lura masu sanƙon ne suka fi yaɗa shi. Amma tun fiye da shekara dubu biyu likitan Girka Bukuratu, wanda Turawa ke kira Hippocrates, ya lura baba ba ya yin sanƙo. Sarakunan da suka ajiye babanni sun ga haka da idonsu. A fadar Kukawa an yi babanni masu manyan muƙamai, irin su Yuroma da Mestrema, Gustav Nachtigal ma da ya iso can cikin 1870, zamanin Shehu Umar, ya rubuta labarinsu. Mugun aiki ne aka yi wa bayin Allah nan suna yara, ya kuma bar alama ɗaya ko ina aka yi shi a duniya: ba gemu, murya ba ta buɗe ba, gashin kai kuwa yana nan har tsufa.

Cikin 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya bincika mazan da suka rasa maraina ko nasu ba su yi aiki ba. Ya ga waɗanda abin ya same su kafin balaga ba su yin sanƙo, ko da ya cika danginsu. Da likitoci suka ba su testosteron don magani, waɗanda ke da sanƙo a dangi gashinsu ya fara zuba, waɗanda ba su da shi a dangi nasu ya zauna. In aka tsai da maganin zubar ta tsaya, amma abin da ya tafi bai komo ba. Ka ga ƙahon rago sak: sai gado da ɗan aike sun haɗu.

Daga baya aka gane ba testosteron kansa ne ke yin ɓarnar ba. A cikin fata akwai wani sinadari da ke juya shi ya zama wani mai ƙarfi da ya fi shi, ana taƙaita sunansa DHT. Cikin 1974 Julianne Imperato-McGinley ta ba da labarin waɗansu iyalai a Jamhuriyar Dominika waɗanda suka gaji rashin wannan sinadari mai juyawa. Mazansu ba su da gemu sosai, kuma ba su yin sanƙo. Daga wannan ne aka sami hanyar yin maganin finasterid, wanda Amurka ta yarda a sha don sanƙo cikin 1997. Abin mamaki, DHT ɗin nan da ke ƙanƙantar da saiwar gashi a tsakar ka har ta koma fitar da ɗan gashi kamar na jariri, shi ne ke kaurara gashin haɓa ya zama gemu. Ɗan aike ɗaya, saƙo ɗaya, gida biyu suka amsa dabam. Gashin ƙeya kuwa bai kula da shi ba sam, shi ya sa wanzami ba ya rasa abin askewa a bayan kan mai sanƙo. Likita Norman Orentreich ya nuna cikin 1959 cewa in aka ciro saiwar gashin ƙeya aka dasa ta a gaba, tana riƙe halinta na ƙeya.

A nan sai mu yi hankali da littattafanmu. Da yawa cikinsu suna koyar da sanƙo da haruffa biyu kamar ƙahon Dorset, wai ƙwaya ɗaya ce mai rinjaye ga maza mai lafewa ga mata. Dorothy Osborn ce ta kawo wannan bayani cikin 1916, ya kuwa yi amfani a zamaninsa, amma ya yi kaɗan. Cikin 2005 masana a Bonn suka nuna ƙwayar da ke gina mai karɓar testosteron tana da babban hannu a sanƙo, ita kuwa tana kan X, wadda namiji ke samu daga uwarsa kaɗai. Saboda haka masu cewa a dubi kan kakan wajen uwa suna da 'yar gaskiya. Cikin 2008 aka sami wani wuri a kan igiya ta 20. Cikin 2017 masana a Edinbara suka duba maza fiye da 52,000, suka sami wurare 287 masu hannu a ciki, 40 kan X, sauran duka kan igiyoyin tarayya. Watau sanƙo yana zuwa ta uwa, yana zuwa ta uba, kuma ba a iya yi masa lissafin uku cikin huɗu. A ganina mu koyar da lissafin da tumaki, inda ya fi zama daidai, mu kawo sanƙo don nuna aikin homon.

Mace tana gadon ƙwayoyin nan kamar ɗan'uwanta, tana kuma ba 'ya'yanta. Nata gashin ya kan yi shara-shara ne a tsakar ka, galibi bayan haila ta ɗauke, ba safai ya kan share kamar na namiji ba. Zubar gashin goshi da matsattsen kitso ke kawowa wani abu ne dabam, ba ruwansa da gado. Macen da gemu ya tsiro mata kuwa, sau da yawa homon na maza ne ya yi mata yawa saboda wata matsala a mabuɓɓugar ƙwai. Asibiti ya kamata a kai ta, ba a bi ta da tsegumi ba.

Yara su kan rikita wannan da waɗansu gado biyu, sai a raba musu. Makantar launi, watau kasa rarrabe ja da kore, ta fi yawa ga maza, amma ba homon ne ya sa ba. Ƙwayar tana kan X, namiji kuwa ba shi da X ta biyu da za ta rufa masa. Ciwon sikila yana kan igiyar tarayya, ta 11, amma bai kula da jinsi ba, yana kama ɗa yana kama 'ya daidai wa daida.

Akwai inda rashin sanin wannan ke iya cin rai. Cikin 1895 wani likita a Gilasgo, George Beatson, wanda ya daɗe yana tunani a kan yadda nono ke zuwa wa dabbobi, ya cire wa wata mai ciwon dajin mama mabuɓɓugar ƙwai, ciwon ya ja da baya. Tun daga nan aka san mabuɓɓugar ƙwai tana da hannu a wannan ciwo. Kusan shekara ɗari bayan haka aka gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 a kan igiya ta 17 cikin 1994, da BRCA2 a kan ta 13 cikin 1995. Aikinsu gyaran igiyoyin gado in sun tsinke. Macen da ta gaji ɗaya a lalace, haɗarin ta kamu da dajin mama a tsawon ranta ya kai rabi ko ya fi. Namijin da ya gaji irinta, nasa haɗarin bai kai ɗaya cikin goma ba. Yawancin masu wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba, kada mu tsorata mutane. Amma inda ya ke na gado, uba yana iya ɗauke da shi lafiya lau, kamar yadda bijimi ke ɗauke da nono, ya kuma miƙa wa ko wace 'yarsa da rabon ɗaya cikin biyu. Saboda haka in likita ya tambayi mace ko akwai ciwon a danginsu, kada ta ƙidaya uwa da inna kaɗai. Gwaggo da kakar wajen uba suna cikin lissafi. Wadda ta san an yi haka a gidansu, ta riƙa duba jikinta, in ta ji wani ƙullutu ta tafi asibiti tun yana ƙarami. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri nan kusa da mu.

Ga waɗanda za su fita koyarwar gwaji, ga hanyar da na ga tana shiga kan yara, ba ta kuwa bukatar kome sai wake da ƙwarya uku. A ƙwarya ta fari a zuba jan wake 20 da fari 20, ita ce rago ƘB. A ta biyu a zuba haka, ita ce tunkiya ƘB. Ja shi ne Ƙ, fari shi ne B. A ta uku a zuba tsakuwa masu girma ɗaya, baƙaƙe 20 farare 20, baƙa Y fara X, a ajiye ta kusa da ta ragon, don yara su riƙa tuna daga wajen wa ta ke fitowa. Yaro ya rufe ido ya ɗauki ɗaya daga ko wace ƙwarya, ya faɗi abin da aka haifa, namiji ne ko mace, da ƙaho ko babu, a rubuta a allo, sa'an nan ya mai da su ya girgiza. In aka yi sau 40 za a sami raguna wajen 20, kusan 15 da ƙaho, tumaki mata wajen 20, kusan 5 da ƙaho. Ba lalle ya fito cif ba, wani rukuni zai sami 13, wani 17, yara kuwa za su ce lissafin ya ƙi. Sai a tara na rukunai duka a haɗa a kan allo, su ga yadda adadin ke matsowa kusa da uku cikin huɗu. Daga nan a ɗauki jan wake ɗaya da fari ɗaya da baƙar tsakuwa a ɗora a tebur, a tambaye su: in aka dandaƙe wannan ɗan rago yana wata ɗaya, me zai faru da ƙahonsa, me kuma ya sāke cikin waken?